Na Wanke wa Injiniya Kwalabe

Malam, salamu alaikum. Ya gida, ya ciwon ƙafar? Ka gaishe min da Yaya Babba da su Auta. Mu nan lafiya lau, jinjiri sai ƙiba yake. Shiru ne dai ya yi yawa, kowa ƙofarsa a rufe, amma na fara sabawa, kada ka damu.

To, na yi ɓarna. 'Yarka Injiniya ta tafi jami'a, na ce bari in gyara mata firij. Sai ga kwalabe goma sha biyu cike da ruwa mai datti, dab da madarar yaro! Na zubar da shi, na wanke su tas, har rubutun jikinsu na kankare. Ashe ruwan kwata ne da ta bi unguwa-unguwa tana ɗibarsa in an yi ruwan sama, za ta auna ta gano abin da ke shiga rijiyoyin mutane. Da shi za ta gama karatun.

Da ta dawo ba ta yi faɗa ba. Zama ta yi a ƙasa, can ta ce, "Inna, ai kuwa sun wanku." Wallahi da masifa ta yi min da ya fi sauƙi.

Malaminta ya ce sai ta sake daga farko, wata uku ke nan, ga ba mai riƙe mata yaro. Na san na ce maka ƙarshen watan nan zan dawo, na ma ɗaure kayana. Ka yi haƙuri ka ƙara min lokaci. Ni na zubar, bari in goya mata ɗan har ta sake cika kwalaben.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.