Yatsu Goma, Ba Tara Ba

Nahla 'yata,

Na tafi ofishin 'yan sanda in kama miki layi. Yau da azahar ƙungiyar likitocin dabbobi za ta rufe rajista, kuma sai da takardar shaidar rashin laifi mai hoton yatsu goma. Makon jiya tara kika kai, domin kyanwar Ummu Sabri ta hukunta ki da cizo a yatsa a kan aiki ba lasisi.

Ɗazu Ummu Sabri ta dawo da kyanwar. Na ce, "Hajiya, likitar ba ta zama likita ba tukuna." Ta ce, "Ita kyanwar ta san da haka?"

Suna zaune a ƙofa. Ki gaishe su, ki wuce, hannuwanki a aljihu.

Babanki