Dada, Ita Ma 'Yar Fari Ce

Zuwa ga mahaifiyata, Dada,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki.

Kin sha tsokanata da aikin nan nawa na malamar ba da shawara, wai an ɗauke ni sauraron surutun yara. To Dada, yanzu surutun ma babu. Tun da rikicin nan ya koro mana mutane Gombe, yaran da ake turo mini shiru suke kawowa. Ofishina ya koma sito, a gindin darbejiya nake ganinsu.

Akwai wata Hauwa, suna raɓe a unguwar Malam Inna wurin baffanta. A gabanta aka harbe babanta. Da an buga ƙararrawa sai ta shige ƙarƙashin benci tana kyarma. Baffan ya ce iska ce, cire ta zai yi daga makaranta. Yarinyar da duk ajin ba mai kamo ta a lissafi.

Na aika aka kira uwarta. Na faɗa mata abin da aka koya mana a kwaleji: ta zaunar da ita, ta kira sunanta, ta rungume ta. Sai matar ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Ashe Hauwa 'yar fari ce. Wallahi kunya ta rufe ni. Ni 'yar farinki da kika yi raino, ni ce zan ce wa Bafulatana irinki ta rungumi 'yar fari?

Kin tuna da na yi ƙyanda? Ba ki zauna kusa da ni ba. Sai dai in farka in tarar da fura an cika mata nono, ki kau da kai ki ce, "Ragowa ce, a ba waccan." Ni na gane, Dada. Amma ni ban ga abin da Hauwa ta gani ba, fura ba za ta ishe ta ba.

Na je na roƙi baffan, shugabar makaranta ma ta sa baki. Bai ji ba.

Ran Litinin suka zo ɗaukarta. Uwar ba ta dube ta ba, ta dai karɓi jakar littattafan ta ɗora a kanta. Ni kuwa ina bakin ƙofa, mai ba da shawara, ina kallo har suka fice.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya dubi Hauwa, tunda ni na kasa.

Taki har abada,
Waccan.