Ta'aziyyar Mai Shari'a Abu Hazim, da Abincin Rana da Cibiyarmu Za Ta Kai Karak

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, da kuma wata kunya da ba za mu tsaya ɓoye ta ba, ni Dakta Mamduh Ɗahir, Babban Daraktan Cibiyar Sindiyan ta Horas da Ma'aikatan Shari'a da ke Amman, a madadin Majalisar Amintattu da malamai da ma'aikata manya da ƙanana, nake sanar da jama'a cewa mun samu labarin rasuwar babanmu kuma malaminmu, Mai Shari'a Mufaddi Salama Irshed, wanda duk muka fi sani da Abu Hazim, tsohon alƙalin babbar kotun laifuka, wanda Allah Ya karɓi ransa jiya Lahadi a gidansa da ke Karak bayan doguwar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayi ya zo mana ne bayan ya ajiye rigar alƙalanci, a lokacin da darussanmu na shari'ar ta'addanci suke zuwa daga bakin baƙi ta hanyar tafinta, alƙalai da masu gabatar da ƙara da jami'an gidan yari suna zaune da na'ura a kunne, rabi suna gyangyaɗi, rabi suna jiran a kawo gahawa. Shi ne ya dage sai an mayar da karatun gaba ɗaya cikin Larabci, da misalan kotunanmu, yana cewa mutumin da zai ɗaure ɗan wani har ƙarshen ransa, ya kamata ya koyi aikin da harshen da uwar yaron za ta zo ta yi masa kuka. Daga Bagadaza zuwa Tunis, daga Aden zuwa Bangazi, akwai masu riƙe da kotuna a yau waɗanda a ƙarƙashinsa suka koyi cewa amsa laifin da aka samu bayan mutum ya kwana a tsaye ba hujja ba ce, takarda ce kawai mai sa hannu.

Abin da aka fi tunawa da shi shi ne shari'ar gwajin da yake rufe kowane zango da ita. Cibiya tana da wani matashi da ta ɗauka domin ya riƙa tsayawa a matsayin wanda ake tuhuma, yaro mai hazaƙa da kyan fuska, wanda har yau ba a ƙara masa albashi ba. Da safe marigayi yakan ja shi gefe ya raɗa masa abu ɗaya a kunne: ko dai "yau kai ka yi," ko kuma "yau ba ka yi ba." Daga shi sai yaron suka sani. Gemun dai shi ne, ɗangalallen wandon shi ne, wayar da aka kama shi da ita ita ce, ayoyin da yake jawowa idan an matsa masa su ne. Sai mahalarta sun gama bincike sun yanke hukunci, sannan ya ce, "To ɗana, tashi ka gaya wa iyayen gidanka gaskiya." Mun ga manyan mutane sun sunkuyar da kai a wannan ɗaki. Bai taɓa yi musu dariya ba. Yakan ce, "Nan ne wurin kuskure, ku yi shi a nan ku ƙoshi, wannan fursunan anjima zai tafi gida ya ci tuwon uwarsa."

A irin wannan zama ne wani babban mai gabatar da ƙara daga wata ƙasa maƙwabciya ya nemi ɗaurin rai da rai, ya kuma samu, a ranar da yaron bai yi ba. Marigayi ya dube shi ya ce, "Ranka ya daɗe, dokar ka san ta fiye da ni. Amma ba yaron ka tuhuma ba, gemunsa ka tuhuma." Baƙon ya kwashi takardunsa ya fice, ƙorafi ya biyo baya, kuma da zangon ya ƙare Cibiya ba ta sake kiran Abu Hazim ba. Ba mu sallame shi ba, ba mu gode masa ba, shiru kawai muka yi. Muka ci gaba da koyar da darussansa, muka cire raɗar safiya, yanzu kullum wanda ake tuhuma shi ya yi, kowa na cin jarrabawa. Ya kwanta jinya ba mu leƙa shi ba, alhali Karak ba bayan duniya take ba. Wannan laifinmu ne, muna kuma faɗarsa a gaban jama'a tunda ba mu faɗe shi a gabansa ba.

Muna miƙa ta'aziyya ga uwargidansa, mahaifiyarmu Ummu Hazim, da babban ɗansa Injiniya Hazim da ƙannensa, da dukkan dangi, da mutanen Karak. Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata kabarinsa, Ya yi masa hisabi mai sauƙi kamar yadda ya roƙi alƙalai su yi wa 'ya'yan mutane, Ya ba iyalansa haƙurin wannan rashi. Muna kuma sanar da cewa gobe Talata, ranar ƙarshe ta zaman makoki, Cibiya ce ta ɗauki abincin rana na masu ta'aziyya kamar yadda ake yi wa duk wanda ya bauta wa wuri, kuma Babban Darakta da kansa zai jagoranci tawaga zuwa zauren dangin bayan sallar Azahar, ya zauna a sahun farko, ya karɓi gahawa mai ɗaci daga hannun Hazim, ya faɗa masa abin da muka rubuta a sama baki da baki.

Dakta, ranka ya daɗe, na san a nan ne ka miƙe tsaye kana neman wanda ya yi maka wannan aiki. Kada ka wahalar da sakatariya, ita dai wayarta ta ba ni in sa mata hotunan zangon da ya wuce a shafin Cibiya. Ni ne, Ƙutaiba.

Na je jana'iza jiya a motar haya. Da Hazim ya zo kaina da butar gahawa, ya leƙa bayana, ya leƙa ƙofa, ya ce, "Ɗan'uwa, kai kaɗai suka turo?" Ummu Hazim kuma ta aiko daga wajen mata, wai a tambayi yaron Abu Hazim ko Dakta lafiya, don mijinta har ya rasu yana cewa aiki ne ya riƙe shi. Ba wanda ya turo ni, amma bakina ya riga ni, na ce ai Talata za ku zo gaba ɗaya, har da abinci. Dattawan zauren duk sun ji, wani ma ya ce dama ya san Dakta ɗan mutunci ne.

Ban yi boko ba, allo kaɗai na riƙe, manyan kalmomin nan a bakinka na tsince su, ka yafe inda na sa su a karkace. Mai dafa mansaf ma, wato shinkafa da naman ragon da za mu kai, da muryarka na kira shi, ya ce a gaishe ka, ya riga ya yanka. Saura ɗaya daga cikin biyu: ko ka fitar da wata sanarwa ka ce Cibiya ba ta yi wa Abu Hazim ta'aziyya ba kuma ba za ta je ba, ko ka sa baƙar kwat ɗinka. Mota za ta tashi daga bakin ƙofa da hantsi. Idan kora ce na yarda, amma ka bari sai mun fito daga zauren.

Sa hannu,
Ƙutaiba Fandi
Wanda Ake Tuhuma na Dindindin
Cibiyar Sindiyan, Amman