Abin da ke shan man bas ɗinmu

Yaya Ja'afaru,

Na tarar kana barcin gajiya, ban so in tashe ka ba. Da hantsi na kai ƙaramar bas ɗin garejin Bulus kan yawan man da take sha. Ya wanke kafireto, ya canja fulogi, ya shiga ƙarƙashi ya duba tanki. Babu inda ke yoyo.

Yana kwance a ƙasan motar ya ɗaga murya: "Abdulwahid, ka ce wa fasinjojin nan su sauko mana, nauyinsu ya danne min sifirin ɗin motar!" Na ce masa ba kowa a ciki. Ya fito ya leƙa da kansa. Kujerun baya jiƙe sharkaf, suna warin laka, alhali an kwana biyu ba a yi ruwa ba. Ya miƙo min mukulli ya ce in fitar masa da ita.

A hanya na tuna, shan man ya fara ne tun ranar da na ɗauko gawarwakin waɗanda kwalekwale ya kife da su daga bakin kogi zuwa ƙauyensu. Yaya, ina jin ba duka suka sauka ba.

Na tafi garin Malam Madori in taho da Kawu Liman. Motar tana gindin darbejiya, na kulle ta. Don Allah kada ka bar Tani da sauran yara su shiga wasa. In kun ji ana ƙwanƙwasa gilashi daga ciki, kada ku buɗe sai mun iso.

Abdulwahid