Gidan da Aka Ce Kar Ya Yi Kama da Namu

Talata, 3 ga Afrilu, 2012

Yau wata biyu da faɗuwar maigidana Alhaji, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Likitan cibiyar gashin ƙashi ya faɗa ba ɓoye-ɓoye: ƙarshen Mayu za su sallame shi, kuma ƙafarsa ta dama ba za ta ƙara hawa bene ba. Gidanmu na Largo kuwa hawa uku ne, ɗakin kwana da wurin wanka duk a can sama. Auta Umaima ta samo wani a Silver Spring, a ƙasa yake, ba matattakala ko ɗaya. Mai shi ya yarda zai jira mu har ƙarshen Mayu in mun sayar da wannan. In ba mu sayar ba, gidan tsofaffi za a kai Alhaji ya zauna cikin baƙi. Mutumin da ko ruwa ba ya sha sai a kofinsa.

Gobe dillaliya za ta zo.

Laraba, 4 ga Afrilu

Ta zo. Constance sunanta, baƙar fata ce, doguwa, za ta yi sa'ata. Ta cire takalmi ba tare da an ce ta cire ba, na yaba mata da wannan. Amma daga nan ta shiga buɗe min durowoyi kamar ita ta haife ni. Ta leƙa har cikin firiza.

Ta ce gidan yana da kyau, sai dai ya yi kama da mu da yawa. Na ce Umaima ta maimaita min da Hausa, ko Turancina ne ya gaza. Ta maimaita. Haka ne dai. Shekara goma sha tara muna ciki, da wa zai yi kama?

Wai mai saye yana son ya shigo ya ga kansa a ciki, ba mu ba. Don haka hotuna su sauka, kujerun falo su fita, kafet ɗin da na ɗauko tun daga Kano a naɗe shi, bangon da na yi wa kore a mayar da shi kalar toka. Na ce kalar toka ai ta ofis ce. Ta ce yawwa, shi ake so.

Alhamis, 5 ga Afrilu

Butoci ma. Ta ce a ɗauke su daga banɗaki duk ranar da za a zo kallo, don mutane za su ɗauka na shayi ne su yi ta mamaki. Na ce wanda bai san buta ba ai shi ne abin mamaki. Umaima ba ta fassara ba. Na lura.

Asabar, 7 ga Afrilu

Ƙawata Rakia ta kawo motar shagonta daga Wheaton muka kwashe kaya zuwa ɗakin ajiyarta. Allah ya saka mata. Tana ɗaga kwali tana cewa, "Hajiya, waɗannan tukwanen na biki nawa ne?" Goma sha ɗaya na ƙirga, ban san ina da su ba.

Ayatul Kursiyyu ta bakin ƙofa na ce ba mai taɓa ta. Constance ba ta yi musu ba, ta ce shawara kawai take bayarwa, gida nawa ne. Sai Umaima ta ja ni gefe, da Turanci kamar kullum, wai Umma za a shigo da takalma, wasu da karnuka a hannu, wani ma zai sa yatsa ya shafa rubutun. Na tsaya. Da hannuna na sauke, na naɗe a sabon ɗankwali. Har yanzu ban sani ba, girmama ta na yi ko kunyarta na ji. In na biyun ne Allah ya yafe min.

Talata, 10 ga Afrilu

Ba girki da daddawa har sai an sayar. Ba turaren wuta. Shinkafa da wake na ci da man zaitun kamar mai jinya.

Alhamis, 12 ga Afrilu

Yau aka kawo kayan haya da Constance ta ce a ƙawata gidan da su. Farar kujera, a gidan da mutane ke cin tuwo. Ƙaramin tebur na gilashi, an ɗora kwano cike da lemon tsami, na ɗauki ɗaya don in sansana, ashe roba ne. Littattafai a kan kanta an juya bayansu ciki, ba mai karanta su. Tawul a banɗaki an ɗaure da zare, an ce kar in goge hannu da shi.

Ɗakin Umaima na da shi ya fi ɗaure min kai. Na ga gado an shimfiɗa da filo shida, na zauna a bakinsa don in huta, sai ga ni a ƙasa. Katifar iska ce a kan kwalaye. Constance ta ɗaga ni tana ba ni haƙuri tana danne dariya. Na ce mata wannan ƙarya ce aka yi wa shimfiɗa. Ta ce ba gadon suke sayarwa ba, ɗakin ne, gadon yana nuna girman ɗakin ne kawai. To me ya sa ta zaɓi ƙarami? Na tambaya. Ta ce don ɗakin ya yi girma.

Ni a makarantar Islamiyya aka koya min: mai sayarwa ba ya ɓoye aibin kaya, in ya ɓoye albarka ta fita daga cinikin. Ɗakin ƙasa yana ɗaukar ruwa ta kusurwar hagu duk lokacin da aka yi ruwa mai ƙarfi. Yau an yi wa wurin fenti, an ajiye kwandon furanni a gabansa.

Na kai wa Alhaji labari da la'asar. Maganarsa har yanzu a hankali take fita. Da na kai wurin gado sai kafaɗarsa ta hagu ta shiga rawa. Dariya yake. Rabon da in ga haka tun Janairu. Ban ji daɗin da ni ake dariyar ba, amma na sake ba shi labarin daga farko.

Lahadi, 15 ga Afrilu

Ranar buɗe gida ga masu kallo, ƙarfe ɗaya zuwa huɗu. An ce in fita. In fita daga gidana baƙi su shigo, ba mai yi musu sannu da zuwa. Constance ta gasa biskit a tanda don ƙamshi kawai.

Na fita. Na zauna cikin mota a tsallaken titi. Na ga mata da miji sun shiga, matar da tsohon ciki, ga rana. Na ga wani dattijo da sanda. Minti arba'in na daure. Uwata ba ta taɓa barin baƙo ya fita da busasshen maƙogwaro ba, ko mai karɓar haraji ne. Ina da zoɓo a kula da cincin a bayan mota, na Alhaji da ma'aikatan jinya. Na ɗauka na shiga ta ƙofar kicin.

Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Na tambayi mai cikin wata nawa, na ce ta zauna ta ɗaga ƙafa. Irene sunanta, mijin Alexander. Suka karɓi zoɓo, suka ce gidan ya burge su, har suna maganar inda za su sa gadon jariri. Sai na ga yaran kirki ne, ba zan bari a cuce su ba. Na ce su biyo ni. Na kai su ɗakin ƙasa, na janye kwandon furanni, na nuna musu har inda ruwa ke kaiwa. Na gaya musu karen maƙwabci yana haushi da asuba. Na ce kar ta zauna a gadon sama. Dattijon ma ya biyo mu yana saurare, da wasu mata biyu.

Kafin ƙarfe uku gidan ya zama ba kowa. Zoɓo kuma ya ɗiga a farar kujera, ba ni ba ce, dattijon ne.

Constance ba ta ɗaga murya ba. Ta buɗe jaka ta ciro takarda, ta nuna min layi na bakwai: ruwa na shiga ɗakin ƙasa lokacin ruwan sama mai ƙarfi. Da sa hannuna a ƙasa. Cikin takardun da Umaima ta ba ni ne ran Laraba, na sa hannu ban karanta ba. Ta ce doka ce, duk mai son saye sai ya karanta kafin ya ce yana so.

To in an rubuta, me ya sa suka gudu da na faɗa? In kuma faɗar ce ke korar su, rubutun me yake yi?

Litinin, 16 ga Afrilu

Umaima ba ta yi min magana ba sai da azahar, shi ma a waya. Ta ce, "Umma, saura sati shida. Baba kike so ya dawo gida ko wa'azi kike so ki yi?" Da Hausa ta faɗa, duka, ba kuskure ko ɗaya. Na ce ni take gaya wa haka? Yaran yanzu. Na kashe wayar.

Amma ban iya cin abinci ba.

Laraba, 18 ga Afrilu

Ba wanda ya kira. Constance ta zo da kanta da wani ruwan magani ta goge kujera, a durƙushe. Na riƙe mata tsumma. Tana gogewa ta ce mahaifinta shekara uku ya yi a gidan tsofaffi, kullum in ta je sai ya tambaye ta yaushe za a tafi gida. 

Na tambaye ta kwandon furannin. Ta ce in yana damuna a ɗauke. Aka ɗauke. Ta ce za ta ajiye takardar a kan teburin kicin inda kowa zai gani. Na ce a ja layi ƙarƙashin na bakwai da jan biro. Ta dube ni, ta ja.

Juma'a, 20 ga Afrilu

Na kira malamin masallacinmu. Ya ce in an bayyana aibi a rubuce an sauke nauyi, gyara kaya don ya yi kyau a ido kuma ba laifi, ko mai tumatir yana goge nasa. Na ce gadon kwali fa? Ya ce, "Hajiya, gadon me?" Na yi bayani sau biyu. Ya ce zai duba.

Lahadi, 22 ga Afrilu

Buɗewa ta biyu. Umaima ta karɓe makullin motata, ta kai ni wurin Alhaji da kanta, ta ce za ta dawo ƙarfe biyar. Kamar ƙaramar yarinya.

Na kasa zama. Ina ta kallon agogo, ina cewa yanzu wani yana buɗe durowar cokulana. Alhaji ya kama gefen mayafina da hannun hagu. Ya daɗe yana haɗa maganar. "Sailuba. Zauna." Shekara talatin da ɗaya bai kira sunana a gaban mutane ba, ga ma'aikaciyar jinya a tsaye. Na zauna.

Talata, 24 ga Afrilu

Mutum biyu suna so. Ɗaya wani Bartholomew ne, malamin makaranta, bai taɓa ganina ba, ban taɓa ganinsa ba. Ya karanta layin, ya ce zai kawo mai duba gini.

Ranar da ba na nan aka so gidana. Na rasa inda zan ajiye wannan.

Litinin, 30 ga Afrilu

Mai duba gini ya zo da tocila da tsani. Ya gano ruwan, ya kuma gano wani abu a rufi da ni kaina ban sani ba. Shekara goma sha tara ina kwana a ƙarƙashinsa. Da na sani da na faɗa, da kuma... ban sani ba. Bartholomew ya ce duk da haka yana so, a gyara rufin kawai.

Malamin masallaci bai kira ba tukuna kan batun gado.

Juma'a, 25 ga Mayu

An sa hannu. Wannan karon na karanta kowane layi, awa biyu, duk suna jirana. Masu kayan haya sun kwashe nasu cikin minti ashirin. Na zaga ɗakunan. Ba namu, ba nasu. Na yi addu'a Allah ya sa mai shiga ya shiga a sa'a, na ja ƙofa.

Laraba, 30 ga Mayu

Silver Spring. Gobe Alhaji zai dawo.

Jiya aka kawo gadon asibiti, da ƙarafan gefe, da keken turawa, da kujerar wanka. Na tsaya a ƙofar ɗakin na ga cibiyar gashi ce kawai aka canza mata unguwa. In ya shigo ya ga haka zai san shi ke nan.

Na kira Constance. Ba don komai ba, ita ce ke da abin awo. Ta zo bayan aikinta. Muka juya gadon ya fuskanci taga. Ta ce a saka babban bargo mai sauka har ƙasa ya rufe tayoyin. Ni na ce a sauke ƙarfen gefen ƙofa, a bar na jikin bango. Keken muka sa tsakanin kujeru biyu a falo, na yafa masa zanen saƙi, sai ka ɗauka kujera ta uku ce. Takalman aikinsa da hular kwanonsa na tura can ƙarshen durowa, bayan akwatuna. Na ajiye tabarau da jarida a gefen hagu, kamar yanzu ya tashi daga karatu.

Umaima ta shigo da kwali, ta tsaya tana kallona. Ta buɗe baki. Na ce ta kama min can gefen bargon, ya karkace.

Wannan daban ne. Ba sayarwa nake ba.

Bayan sun tafi na fita waje, na rufe ƙofa, na sake shigowa a hankali, na ɗan sunkuya daidai tsayin mai zaune a keke. Daga nan ana hango wayar wutar gadon. Na tura ta ƙarƙashi, na sake fita.