Kofin Farko

Assalamu alaikum Baba,

Ga gaisuwar da na hana ka shekara biyu cur kana da rai, yau na kawo ta a takarda. Na san ba za ka karanta ba. Ko kabarinka na maƙabartar Shara'i, a nan Makka, ban iya bambanta shi da na kusa da shi ba, balle in san inda zan ajiye wasiƙa. Amma sai na rubuta, kuma da bokon nan da ka ce ɓata lokaci ne, wanda na koya wa kaina da littattafan da alhazai ke mantawa a bas ɗina.

Labarin gida tukuna. Umma lafiya lau, sai ciwon gwiwar nan. Za a tashi daga gidan Utaibiyya, mai shi ya ce yana son abinsa bayan Hajji. Yaya Mustafa ya kama shuƙƙa, wato gidan haya a bene, a unguwar Aziziyya, ya ba kowa wurin kwana, ban da mutum ɗaya. Ka san wanda nake nufi. Baffa Sale. Yaya ya ce ba jininmu ba ne, abokinka ne kawai, kuma abota ta bi ka kabari, don haka za a sa shi a jirgi a mai da shi Jos. Makaho, ɗan shekara saba'in da ɗoriya, wanda rabonsa da Jos tun ba a haifi Yayan ba! Wa zai tare shi a can, duwatsu?

Ranar ban kare shi ba. Da wane bakin? Ni ne na fara kiransa cima-zaune, a gabanka, saboda ka tsame tsokar da ta fi kyau ka sa a gefensa na tire, yadda ka saba tun ina yaro. Ka tashi ka zabga mini marin da har yau nake jin ƙararsa. Na kwashe kayana na koma unguwar Shisha, na rantse ba zan sake cin abinci a gidan da aka fifita bare a kan ɗa ba. Na cika rantsuwata, Baba. Ka san ni da taurin kai, a wurinka na gada.

To, ran Juma'ar da ta wuce muka fasa akwatin ƙarfenka. A ƙarƙashin tsohon haraminka muka tarar da hotuna uku, baƙi da fari, gefensu ya ci. Yaya ya ɗaga na farko, sai na ga fuskarsa ta canza kamar ya taɓa wuta.

Kai ne, Baba. Kai, da suma himili guda, da wando mai buɗaɗɗen ƙafa, ba riga, a wani lungu tsakanin manyan duwatsu. A gabanka duro ne a kan murhu, an liƙe bakinsa da laka, bututun tagulla ya fito daga kansa ya ratsa wani duron na ruwa, yana ɗiga cikin kwalba. Kwalabe sun fi ashirin a jere cikin ciyawa. Ko ni da aka haifa a Makka na san ba zamzam kuke durawa ba. Ogogoro ne, giyar da ake dafawa a ɓoye a bayan dutse don kada 'yan sanda su hango hayaƙi. Kai, Alhaji Mamman na sahun farko, mai kora mu masallaci da carbi!

Wallahi dariya na yi. Yaya ya daka mini tsawa, wai in ji tsoron Allah, a kawo ashana yanzu-yanzu kafin Umma ta shigo. Sai ya juya hoton ya ga rubutu a baya. Shi makarantar Larabci ya yi, boko a wurinsa tafiyar tururuwa ce, dole ya miƙo wa ɗan iskan gidan ya karanta masa. Ashe ka iya boko, Baba? Shekara nawa kana kallona ina haɗa baƙi ina tuntuɓe, ba ka taɓa gyara mini ko harafi ɗaya ba?

A bayan na farko ka rubuta cewa ranar ce kai da Sale kuka haɗa sabon duro. Na biyu ba komai. Na ukun shi ne ya kashe mini dariya. Wani saurayi ne dogo mai wushirya, ya ɗaga kofin gwangwani, yana kallon mai ɗaukar hoton da idanu tar-tar, irin na wanda bai taɓa jin tsoron kowa ba. Na daɗe kafin in gane shi, don ban taɓa ganin idanun nan a buɗe ba. A baya, da wani biro daban, ka rubuta: kofin farko, ni na miƙa masa.

Nan take na tuna Ɗa'ifa. Shekara talatin kana hawa dutse lokacin wardi kana dafa wa masu gona furen don a tatsi turarensa, kowa na yabon hannunka a liƙin tukunya da sanin wuta. Ka ce mana wani tsoho ne ya koya maka a can. Amma abu ɗaya kake yi da ke ba su haushi: ruwan da ya fara ɗigowa, wanda ya fi kowanne ƙamshi, wanda suke kira amarya, kai sai ka tari kofi guda ka watsar a ƙasa. Mai gonar ya yi faɗa har ya gaji ya ƙyale ka. A 'yar tukunyarka ta saman soro ma haka kake yi. Na tambaye ka sau ɗaya, ka ce in rufe maka baki. Ashe a wancan duron, ɗigon farko guba ne. Shi ake zubarwa, don yana cinye ido. Ran nan ba ku zubar ba.

Ban ba Yaya hotunan ba. Na sa su a aljihu na ce ya zo ya ƙwata in ya isa. Daga nan ɗakin Baffa na wuce kai tsaye, na zauna a bakin katifarsa, karo na farko a shekara biyu. Tun ban yi sallama ba ya ce ai ya ji takun ɗan marin nan. Na gaya masa abin da ke aljihuna. Na zaci zai yi kuka. Dariya ya yi har da tari. Ya ce ƙarya ka rubuta, shi ya fizge kofin daga hannunka don ya burge mai hoto, kai kana ce masa ya bari. Ya ce shekara hamsin kuna wannan gardamar, kuma ka yi sauri ka mutu ne don kada ya ci ka. Ya ce washegari ka fasa duron da gatari, ka riƙe masa sanda tun daga bayan dutsen nan har Ka'aba, ba ka sake ta ba sai da aka ɗauke ka a makara.

Sannan ya ce in gaya masa yadda yake a hoton. Wushiryar ta fito? Hular a karkace take? Na ce ta fito, a karkace take, kuma ya fi ka kyau nesa ba kusa ba. Ya ce wannan kam kowa ya sani a Jos.

Ina jin haushinka, Baba, ba zan ɓoye ba. Me ya hana ka faɗa? Ka gwammace ka mare ni, ka bar ni in yi shekara biyu ina kwana da gaba, da ka buɗe baki ka ce ga abin da ya faru? Tsoron kada girmanka ya zube? Ga shi na ga ka ba riga a gaban duron giya, kuma ban taɓa ganin girmanka kamar yau ba. Abin da ke tsakaninka da Allah, shi ne mai gafara, ina roƙa maka kullum. Abin da ke tsakanina da kai kuwa, na yafe marin. Kalmar da na faɗa a kan tire, ita ce nake so ka yafe mini, kuma na makara.

Ga hukuncin da na yanke, ban nemi shawarar kowa ba. Baffa ba zai hau jirgi ba. Jiya na ɗauko shi da katifarsa da rediyonsa zuwa Shisha. Ɗaki ɗaya ne, hawa na uku, ba lif, ya zage ni a kowace matakala. Yaya ya ce ba zan yi wata biyu ba zan gaji. Ya zuba ido. Umma kuwa ita ta naɗe masa kayansa, kuma da na leƙa jakar sai na ga ta sa 'yar tukunyarka ta tagulla a ciki. Ina jin ta san komai tun ba yau ba.

Da safen nan na sayo wardi, don lokacinsa ne. Baffa na zaune yana ba ni umarni da hanci, in rage wuta, in ƙara laka a baki. Da ta fara ɗiga na tari kofin farko. Ban zubar ba, Baba. Na zuba masa a tafin hannu, ya shafe fuskarsa har kan idanun, sannan ya ce shekara talatin kana yi masa asarar wannan.

Ka kwanta, sandar tana hannuna. Allah ya haskaka makwancinka, ya sa ka huta.

Ɗanka mai bakin nan,
Nasiru