Wanda Ya Bugi Ladi Yana Hannun Habu

Zuwa ga Yaya Garba a Ikko, gaisuwa mai yawa daga nan birnin Bahiya, hayin teku. Yaya jikinka, yaya Iya da yara? Mu nan lafiya lau, kekunan dakona biyu suna aiki a bakin jirgi.

Ɗana Habu ya duƙufa kan karatun jarrabawar likita. Ciwon ƙwaƙwalwa da jijiya yake haddacewa, da maganin kowanne, har abinci sai an tuna masa.

To, ji ikon Allah. Tsohon ubangidanmu na zamanin bauta, wanda ya yi ta bulalar ƙanwarmu Ladi duk ranar da farfaɗiya ta kayar da ita, wai ƙarya take, ɓarin jikinsa ya shanye. Yana kwance a asibitin da ɗalibai ke koyo, kuma a kansa za a jarraba Habu!

Na sa babbar rigata na je. Ya gane ni, yawu na zuba, baki ya ƙi. Na ce, "Tashi mana, ai ƙarya kake."

Habu ya ja ni waje, wai, "Baba, majinyaci ne." Na ce, "Naka ne majinyaci. Ba shi magani daidai, kada ka bari ya mutu mini."

Ka gaida mutanenmu duka. Ku yi addu'a Habu ya ci jarrabawa, shi kuwa tsohon Allah ya ja kwanansa da hankalinsa garau.

Ƙanenka,
Sule